BIYAR DA BAKWAI, SHA BIYU KE NAN

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai ya shiga laburare.

Tun da na saka hoton nan da nake rungume da jita makon jiya, wayata ba ta huta ba. Wasu na tambaya ko na bar karatu ne. Wasu na cewa Allah ya shirye ni (amin, ni da ku baki ɗaya). Wani ɗan ajinmu na sakandare kuma cewa ya yi in zo in yi masa kiɗa ranar bikinsa, wai kuma kyauta. To bari in yi bayani sau ɗaya kowa ya huta.

Ban bar karatu ba. Ina aji uku, ina nan ina fama da lissafi da kwamfuta kamar kowa. Abin da ke akwai shi ne ranar Asabar mai zuwa, bayan la'asar, zan hau dandamali a wani ɗan zaure a Maitama in kaɗa jitar bes na minti 20 a gaban jama'a. Shi ne abin da suke kira risaital, wato ɗalibin kiɗa ya fito ya nuna abin da ya koya, malamansa na zaune da takarda da biro. Wata uku na yi ina zaɓen abin da zan kaɗa. Zaɓen nan ya kusa nakasa min hannu, ya kusa raba ni da abokan kiɗana, kuma shi ya tilasta min yin wata magana da Baba wadda na shekara biyu ina guje mata.

Ga wanda bai san bes ba: ita ce jitar nan mai dogon wuya da tsirkiya huɗu masu kauri, wadda kunne bai cika lura da ita ba amma ƙirji na jin ta. In an ƙure waƙa a mota ka ji ƙofa na rawa, ita ce. Aikinta ta tsaya tsakanin mai ganguna da sauran makaɗa ta ɗaure su wuri guda. Gishiri ce a miya. In ya ji daidai ba mai zancensa, in babu kowa sai ya ajiye cokali.

Na same ta ne a aji ɗaya. Ɗan ɗakinmu, wani yaro ɗan Binuwai, yana kaɗa wa cocinsu, yakan bar tasa jingine da bango. Wata rana ba ya nan na ɗauka na taɓa tsirkiya ɗaya, na ji sautin ya bi ta cikina. Shi ke nan. Da kuɗin gyaran kwamfutocin ɗalibai na sayi tawa ta hannu, wadda ta ga duniya kafin ta gan ni. Ina koyo da daddare da abin sauraro a kunne don kada in tayar da mutane. Sabuwar tsirkiya tsada gare ta, don haka in tsoffin sun dushe sai in cire su in tafasa a ruwa, maiƙon hannu ya fita, sautin ya ɗan dawo. Ranar da wani ɗan ɗakinmu ya buɗe tukunyar da yake dafa Indomie ya tarar da wayoyi huɗu na tafarfasa, har yau bai gama yafe min ba.

Da na ga YouTube ya kai ni iyakar inda zai kai ni, sai na yi rajista a wata ƙaramar makarantar kiɗa a Maitama, ranar Asabar kawai. Wanda ya san Abuja ya san tafiyar: mota zuwa Berger, wata zuwa Wuse, sannan ka ƙarasa cikin unguwar da aka raɗa wa titunanta sunayen kogunan duniya, Nile, Amazon, Mississippi, Danube, Zambezi. Titi fes, itatuwa, katangu dogaye, shiru kamar ba mutane. Yaran da muke koyo tare direba ke sauke su, da gogen Turawa a cikin akwati. Ni kuwa ina isowa da gumi, jita a baya kamar mai tallar katifa.

Ranar farko maigadin wurin, wani dattijo mutumin Jigawa, ya dube ni ya ce, "Samari, saƙo ka kawo?" Na ce a'a Baba, karatu na zo. Ya ƙara dubana, ya dubi jitar, ya ce, "Ikon Allah." Da na shiga ciki kuma, wani saurayi da ya ji mun gaisa da Hausa ya yi dariya, ya tambaya da Turancin buroka wai dama Aboki na kaɗa bes? Ba da mugunta ya faɗa ba, na sani. Galibin masu kaɗa bes a ƙasar nan a coci suka koya, bai taɓa ganin irina ba. Amma maganar ta zauna min. Duk wanda ya yi karatu a wajen Arewa, ko a nan Abuja, ya san yadda kalmar nan "Aboki" take sauka a kunne in an faɗe ta da wata irin murya. Ku riƙe wannan, domin shi ne ya zaɓa min kiɗa a karon farko, ba ni ba.

Nau'in kiɗan da na kamu da sonsa shi ne wanda ake kira progressive rock, ko furog a taƙaice. A Ingila ya yi ƙarfi, ƙarshen shekarun 1960 zuwa cikin 1970, da ƙungiyoyi irin su King Crimson, Yes, Genesis da Pink Floyd, daga baya ga Rush daga Kanada, ga Dream Theater da Tool daga Amurka. Abin da ya bambanta shi: yawancin waƙoƙin da muke ji a rediyo a kan ƙirge huɗu suke tafiya, ɗaya, biyu, uku, huɗu, a sake komawa. Su waɗannan mutanen sai su ƙirga biyar, ko bakwai, ko sha uku, kuma su sauya a tsakiyar waƙa ba sallama. Waƙa ɗaya ta kai minti 10 ko 20. Kuma a wurinsu mai bes ba ɗan rakiya ba ne, sau da yawa shi ke jan ragama. Ga ɗalibin lissafi, wannan tarko ne.

Da aka ce kowa ya kawo jerin abin da zai kaɗa, na zauna na tambayi kaina tambaya ɗaya tak: wanne ne ya fi wuya a duniya? Na rubuta uku.

Na farko "The Dance of Eternity" na Dream Theater, na shekarar 1999. Ba waƙa a cikinsa, kiɗa ne zalla na kimanin minti 6, kuma ƙirgensa na sauyawa fiye da sau 100. Mai bes ɗinsu, John Myung, jita mai tsirkiya shida yake kaɗawa, kuma akwai wurin da ake bar masa fili ya yi gudu shi kaɗai. Na biyu "YYZ" na Rush, daga kundin Moving Pictures na 1981. YYZ lambar filin jirgin saman Toronto ce, kuma farkon kiɗan haruffan nan uku ne aka buga da saƙon Morse, dogo da gajere, a kan ƙirge biyar. A tsakiya mai bes, Geddy Lee, da mai ganguna, Neil Peart, suna jefa wa juna ƙwallo, wannan ya yi nasa, wancan ya rama. Na uku "Roundabout" na Yes, daga kundin Fragile na 1971, inda Chris Squire ke kaɗa Rickenbacker ɗinsa da ɗan filastik, sautin na fita da ƙara kamar ana yankan ƙarfe, sama da minti 8 ba hutu.

Na miƙa wa malaminmu takardar ina jin kaina. Shi dattijo ne ɗan Jos, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Ya karanta, ya cire tabarau, ya ce, "Yaro, wa kake so ka kayar?"

Na ce ba kowa, Malam.

Ya ce, "To. Je ka gwada."

Na gwada kuwa. Na rage gudun bidiyo zuwa rabi, na bi kiɗan Dream Theater gaɓa-gaɓa ina rubuta ƙirgen a takarda ina mannawa a bango. 'Yan ɗakinmu sun ɗauka lissafin jarrabawa ne, har wani ya ɗauki hoto. Tsirkiyata huɗu ce, ta mutumin shida, don haka duk abin da yake yi a wuri ɗaya ni sai na yi ta tsalle sama da ƙasa a wuyan jita. Awa huɗu, awa biyar a dare. Na fara gyangyaɗi a lakcar ƙarfe takwas. Wani tes da ya kamata in cinye, na sha ƙasa. Sai wuyan hannuna na hagu ya fara zugi. Na shafa man zafi na ci gaba. Kwaɗayi mabuɗin wahala, ni kuwa na riga na buɗe.

Ranar da abin ya fashe muna gwaji ne a Mpape, can bayan Maitama a kan duwatsu, a ɗakin mai gangunanmu. Bayarabe ne, haifaffen Kaduna, mutum mai haƙuri. Da mai jita da mai fiyano, mu huɗu. Muka shiga kiɗan, muka wuce minti ɗaya, biyu. Kaina na ƙasa, leɓena na motsi ina ƙirge, bakwai, biyar, tara. Can na ji shiru. Na ɗago na ga duk sun tsaya suna kallona, ashe sun daɗe da tsayawa, ni ban ma sani ba. Mai ganguna ya ajiye sandunansa ya ce, "Mutumina, kai kaɗai kake kiɗan nan. Tun ɗazu ka bar mu a baya, ko waiwaye ba ka yi ba. In haka za ka yi ranar, sa waya ta kaɗa maka, mu ba mu da amfani."

Wallahi da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Mai bes da bai san abokansa sun tsaya ba, me ya rage masa? Kamar liman ne ya yi sallama ya juyo ya tarar ba kowa a sahu.

Washegari hannun ya kumbura, ko biro ba na iya matsewa da shi. A asibitin makaranta aka ce jijiya ce na wahalar, in huta mako biyu, in kuwa na ƙi ji abin zai iya zama na dindindin. Na kira malaminmu na faɗa masa, ina jiran faɗa. Sai ya ce, "Madalla. Yanzu za ka fara koyo. Kada ka taɓa jita. Ka saurara kawai, kuma ka daina sauraren mai bes, ka saurari abin da yake riƙe wa sauran."

Ya turo min biyu. Na farko "Money" na Pink Floyd, daga The Dark Side of the Moon na 1973. Na ji haushi, domin ɗan koyo ma na iya kaɗa shi a mako guda. 'Yan sautuka kaɗan ne Roger Waters ke ta maimaitawa. Amma da na zauna ba jita a hannu sai na ji abin da ban taɓa ji ba. A kan bakwai yake tafiya. Jikin mutum ya saba da takwas, huɗu da huɗu, don haka kowane zagaye kamar kana saukowa daga bene ne ka kai ƙafa inda kake zaton akwai matakala, babu. Aikin mai bes shi ne ya sa mai sauraro kada ya ji ramin nan, ya yi ta gyaɗa kai bai san ana cire masa taki ɗaya ba. Sannan in an zo wurin da mai jita zai yi nasa sai kiɗan ya koma huɗu, daga baya ya dawo bakwai. Ƙofofin nan biyu, shiga da fita, a hannun mai bes da mai ganguna suke. In suka yi tuntuɓe kowa ya faɗi. Ba gudu a ciki ko kaɗan, amma ba inda za ka ɓuya.

Na biyu "Schism" na Tool, daga kundin Lateralus na 2001. Nan bes ce ke buɗe fage, Justin Chancellor, kuma sai an sassauta tsirkiya mafi kauri ta sauka daga E zuwa D. Ƙirgensa biyar ne, sai bakwai, biyar, sai bakwai. Na daɗe da saninsa, kuma kullum ina ƙirga shi kamar mai bin bashi. Da na je duba mai gangunanmu don mu shirya, na yi masa ƙorafin haka. Ya yi dariya, ya ɗauki makulli da kwalbar lemo ya fara bugawa: biyu, biyu, ɗaya, sannan biyu, biyu, biyu, ɗaya. Ya ce in haɗa. Biyu da biyu da ɗaya, biyar. Biyu sau uku da ɗaya, bakwai. Ya ce wannan shi ne bugun ƙarfen nan da Yarabawa ke kira agogo (ba na duba lokaci ba), wanda ake ji tun daga ƙasarsu har Gana, kuma tun yana goye yake jin sa. "Biyar da bakwai nawa ne?" Na ce sha biyu. Ya ce, "To daina yanka shi gida biyu. Sha biyu ne, ka bar shi ya zagayo."

Ba ina cewa Turawan nan daga wurinmu suka ɗauko ba, kuma nauyin bugun ba a wuri ɗaya yake sauka ba. Abin da nake cewa shi ne, da na daina jin sa a matsayin lissafi biyu masu faɗa da juna na fara jin sa a matsayin da'ira ɗaya, kafaɗata ta sauko.

A cikin hutun dolen nan na tafi gida Zariya. Aka yi sa'a ana shirin biki a maƙwabta, mata sun taru ana daka. Ina kwance a ɗaki da hannu a ɗaure sai na ji lugude. Ku da kuka tashi a gidan yawa kun san shi: mata biyu ko uku a turmi ɗaya, wannan ta sauke taɓarya, waccan ta ɗaga, a jefa ta sama a tafa a cafe, a bugi gefen turmi. Tun ina yaro nake jin sa, ban taɓa ɗaukar sa kiɗa ba, daka ne kawai. Ranar nan na sami kaina ina bin sa da yatsa a kan katifa. Uku na tafiya a kan biyu, tafi na faɗowa a tsakanin bugu, kuma duk abin na zagayowa daidai inda ya tashi. Ba wadda ke ƙirge. Hira ma suke yi, ana dariya. Kuma in ɗaya ta yi gaggawa ko ta makara da ƙiftawar ido, taɓarya biyu za su haɗu, a ji wa wata ciwo. Kowacce kunnenta na kan 'yar uwarta. Abin da na kasa yi a Mpape ke nan, ga shi ana yi a bayan katangarmu da zani ɗaure a ƙirji.

Na tambayi kakarmu, Inna, yadda ake koyonsa. Ta ce, "Koyo kuma? Ai tsayawa kake kusa da turmi har ya shige ka."

Daga nan na shiga tono. Na gano Tal National ta Yamai, ƙungiyar da wani alƙali da ake wa laƙabi da Almeida yake jagoranta. Ku nemi kundinsu Kaani na 2013 ku ji yadda jita da ganguna ke gudu suna sarƙewa suna warwarewa, har da Hausa a cikin harsunan da suke waƙa da su. Na gano Mdou Moctar, Buzun Nijar, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke saboda gidansu ba sa son kiɗa, kuma a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, a 2008, ya bazu daga waya zuwa waya kafin duniya ta san shi. Na gano cewa Roger Dean, mai zanen da ya yi bangon Fragile na Yes, shi ne a shekarar 1971 ɗin ya zana wa Osibisa giwayensu masu fukafukai, ƙungiyar da 'yan Gana suka kafa a Landan har da ɗan Najeriya a ciki. Na kuma lura da wani abu da ya tsaya min a rai: Ɗan Maraya Jos da Chris Squire a wata ɗaya suka rasu, Yunin 2015, mako guda tsakani. Ɗaya da kuntigi mai tsirkiya ɗaya, ɗaya da tsirkiya huɗu da lasifika cike da dandamali. Ni da na san tarihin na biyun ciki da waje, ban taɓa zama na saurari abin da yatsun na farkon ke yi ba. Na ji kunya.

Da na dawo Abuja na yaga takardar farko. "The Dance of Eternity" ya fita, domin ba don ina son sa na zaɓe shi ba, don in rufe bakin wani ne, wanda ƙila ma ya manta ya yi maganar. "Roundabout" ya fita, zai cinye kusan rabin lokacina kuma ban gama sabawa da ɗan filastik ɗin ba. "YYZ" shi ya fi min ciwo, don shi kam ina ƙaunarsa. Amma gaskiya ita ce ina iya shi tsaf in an rage gudu, in aka kai shi gudunsa na asali kuwa sai in dace sau ɗaya in kuskure sau biyu. Abin da sai ka yi sa'a kake iyawa, ba ka iya shi ba tukuna. Na ajiye shi sai baɗi in Allah ya kai mu.

Sabon jerin: "Money", mun ɗan rage masa tsawo, mai fiyano zai ɗauki muryar mawaƙi. Sai "Schism". Sai na uku, wanda na haɗa da kaina a kan bugun da na jiyo a Zariya, na sa masa suna "Lugude".

Na ukun nan ya buƙaci kalangu. Wa zai samo min mai kalangu a Maitama? Maigadin nan dai, wanda ya tambaye ni ko saƙo na kawo. Ashe surukinsa na kiɗa a gidan damben Dei-Dei. Ya zo gwajin farko da kalangunsa a hammata, ya dubi wayoyi da lasifikoki bai ce komai ba. Na fara yi masa bayanin ƙirge, ya ɗaga min hannu ya ce, "Ɗan samari, kaɗa in ji." Na kaɗa. Ya shigo. Jama'a, a nan na san wuya. Babu bidiyon da zan rage wa gudu, babu takarda a bango. Yana matse tsirkiyoyin kalangu sautin ya hau, ya saki ya sauko, kamar mai magana, kuma yana jiran in ba shi amsa. Abin da ya yi jiya ba shi zai yi yau ba. In na sunkuyar da kai na daƙiƙa biyar na ɓata. A duk abin da na taɓa kaɗawa ba wanda ya kai wannan wahala, kuma babu gudu a cikinsa. Da malaminmu ya ji mu, bai yabe ni ba. Cewa ya yi, "Yau na ga idonka a buɗe."

Saura maganar Baba.

Na san da yawanku abin da ke ranku shi ne hukuncin kiɗa a addini. Na san malamai sun yi magana a kai, na san inda da yawansu suka tsaya, na kuma san akwai saɓani. Ni ba malami ba ne, ba zan yi fatawa a Facebook ba, kuma 'yan uwa na masallacin makaranta da suka yi min nasiha a keɓe, na gode, ban riƙe kowa ba. Amma damuwar Baba ta wani gefen ce. Shekara biyu Umma ce kawai ta sani. A zuwan nan da na yi da hannu a ɗaure, dole ya tambayi dalili, ni kuma na gaji da kwana-kwana. Bayan isha'i, a zaure, na faɗa masa komai.

Ya daɗe bai ce uffan ba. Sannan ya ce, "A zuriyarmu babu maroƙi."

Kun san nauyin maganar nan a ƙasar Hausa. Muna son kiɗa, muna yi wa makaɗi kari, amma ba ma so a ce ɗanmu ne. Mutumin nan da ke gabana, tun ina ƙarami kaset ɗin Shata ne a motarsa, kuma shi da bakinsa ya ba ni labarin yadda jami'ar garinmu, ABU, ta ba Shata digirin girmamawa. Amsar na bakina. Ban faɗa ba. Ba a kayar da uba a muhawara a ci riba, kuma na riga na ga inda son kayar da mutane ya kai ni. Na ce, "Baba, ba roƙo nake ba, ba na kiran sunan kowa, ba na karɓar kuɗin kowa. Su ma masu yi ban raina su ba, wani daga cikinsu ne ma yake koya min yanzu. In ka ce in bari zan bari. Amma ba na so in ci gaba da yi a ɓoye."

Ya ce in je in kwanta.

Har na baro Zariya bai sake tayar da zancen ba. Sai shekaranjiya da daddare ya kira. Ya tambayi hannu, na ce da sauƙi. Ya tambayi tes ɗin da na faɗi, ashe Umma ta faɗa masa. Ya ce sakamakon zangon nan zai gani da idonsa, in ya sauka, jita ta tafi. Na ce na yarda. Sai ya ce, "Abin naku ƙarfe nawa ne?" Na ce bayan la'asar. Ya ce, "Magariba fa?" Na ce na roƙi malaminmu ya sa ni a farko, zan gama kafin a kira. Ya ce, "To." Ya kashe.

Bai ce ya yarda ba, bai ce zai zo ba, bai sa albarka ba. "To" kawai. Wanda ya san iyayenmu ya san abin da ke cikin "to" ɗin nan, ya kuma san abin da babu.

Don haka ga inda nake. Hannun ya warke amma ina lallaɓa shi, minti 40 in huta. Har yanzu akwai wata gaɓa a tsakiyar "Schism" da ke kuɓuce min in na tsorata. Mai kalangu ya ce zai zo da babbar riga, kuma ya gargaɗe ni kada in kuskura in ƙirga a gabansa. Maigadi ya nemi wanda zai riƙe masa ƙofa na minti 20. Saurayin nan da ya kira ni Aboki shi ne zai kula da na'urar sauti, mun zama abokai na gaske, ban taɓa faɗa masa abin da maganarsa ta jawo ba, sai dai in ya sa an fassara masa wannan.

Ƙannena 'yan aji ɗaya da biyu, musamman ku da kuke karatu inda ake muku kallon ba za ku iya ba: kafin ku ɗauki kwas mafi wuya, ko aikin bincike mafi girma, ko wani abu don a gani, ku tambayi kanku tambayar da dattijon nan ya yi min. Ni sai da na biya da jijiyar hannu da tes guda kafin na amsa ta.

Wanda yake Abuja kuma yana so ya zo, ya yi min magana ta akwatin saƙo, kujerun ba su da yawa. Wanda ba zai zo ba ya sa ni a addu'a. Wanda kuma har yanzu yake ganin Allah ya shirye ni ne ya fi dacewa, ita ma addu'a ce, na karɓa.

Ɗan ajinmu mai biki kuma, ka yi haƙuri, ka ji abin da na faɗa wa Baba.